Ƙibar yara ma ciwo ce, ko a garin da ya saba da tamowa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka don mu ja hankalin iyaye da ma'aikatan lafiya na Maraɗi kan ƙibar yara. Wani zai ce ina ruwan Maraɗi da wannan zance, jihar da tun yunwar 2005 ake ambatonta tare da tamowa? Tamowar tana nan, ba mu musa ba. Sai dai a cikin birni, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, akan samu gida ɗaya da tsamurarren yaro da kuma wanda nauyinsa ya fi ƙarfin tsawonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima, miliyan 160 daga cikinsu kuwa ƙibar ta zama ciwo.

Abin da ke ɓoye matsalar a wurinmu shi ne awon da muka saba. Igiyar awon dantse, mai ja da rawaya da kore, an yi ta ne don gano rama. Ja na nufin ƙasa da santimita 11 da rabi. Yaro mai ƙiba kullum a kore zai faɗa, uwa ta koma gida ana ce mata tubarkalla, ɗanta ya yi ɓul-ɓul. Ƙiba ba ta fitowa sai an haɗa nauyi da tsawo. Ga wanda ya kai shekara 5, a ninka tsawonsa na mita da kansa, a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Ɗauki namiji ɗan shekara 10 mai tsawon mita 1 da santimita 40, nauyi kilo 45: 1.4 sau 1.4 ya ba da 1.96, a raba 45 da shi a samu kusan 23. Babban mutum mai 23 lafiya lau yake, kuma nan ne wasu ma'aikata ke tafka kuskure. A jadawalin Hukumar, namiji mai waɗannan shekarun ya fara wuce kima daga 18.5, daga 21.4 kuma ya shiga ƙiba sosai. Lambar yaro da jadawalin shekarunsa da jinsinsa ake karanta ta.

A kuma bambanta ƙiba da kumburi. A danna babban yatsa a bayan ƙafar yaro na daƙiƙa uku. Idan gurbi ya zauna a ƙafafu biyun, ruwa ne ya taru, galibi tamowa mai tsanani, sai a garzaya asibiti a ranar.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne magungunan sa ƙiba, irin waɗanda ake kira sha ka fashe, da masu tallar magani ke yawo da su a faranti. Uwa ta ga ɗanta ba ya cin tuwo sosai, kishiya ko uwar miji ta yi mata gori, sai ta sayo. Iri biyu ne suka fi yawa. Siproheptadin maganin ƙaiƙayi ne da ke buɗe ciki, yana kuma sa barci, yaro ya ci ya kwanta. Deksametazon ya fi shi haɗari: fuska ta yi fankam, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannuwa da ƙafafu su sirance, tsawo ya tsaya, sukari da jini su hau, garkuwar jiki ta yi rauni har ƙaramin ciwo ya kwantar da shi. Wanda ya yi makonni yana ba ɗansa wannan kada ya yanke shi lokaci guda, don jikin ya riga ya rage yin nasa sinadarin mai kama da maganin, yaron na iya galabaita har ya sume. A kai shi wurin likita da kwalin maganin, a rage masa sannu a hankali. Haka Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na jinyar tamowa, da ke zarcewa kasuwa daga cibiyoyin tamowa: leda guda mai giram 92 tana da kalori 500, sama da kashi ɗaya cikin uku na abin da ɗan shekara 4 ke buƙata a yini. Magani ne, bai kamata lafiyayyen yaro ya riƙa tsotsarsa don daɗi ba.

Sai sukari. Gwangwanin lemu mai santilita 33 na ɗauke da kusan giram 35, wato ƙwayar sukari bakwai. Abin da ya fi dacewa ga ɗan firamare kada ya wuce giram 25 a yini, ƙwaya biyar ke nan. To a lissafa: shayi da madarar gwangwani mai zaƙi da safe, dala ashirin ta makaranta ta tafi a zoɓon leda da alawa da fanke, da rana fura an zuba mata sukari da ludayi. Zaƙin da aka sha ba ya ƙosarwa, shi ya sa yaro zai shanye lemu ya kuma cinye tuwonsa. Kafin shekara 2 kuwa sam kada a sa wa yaro sukari a kunu. Nonon uwa zalla wata shida, daga nan kunu mai ƙuli-ƙuli ko garin wake. Man girki ma abin lura ne, mu da muke garin gyaɗa: babban cokali ɗaya kusan kalori 120 ne, kuma wa ke ƙirga cokulan da ake kwarara wa dambu ko shinkafa da wake?

Jiki yakan ba da alama. Baƙin shaci mai kauri a bayan wuya da hammata, wanda uwa ke dirza da soso tana zaton dauɗa ce, alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, hanyar ciwon sukari ke nan. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, gyangyaɗi a aji, ciwon gwiwa ko ɗingishi ba tare da faɗuwa ba, yawan ƙishirwa da fitsarin dare, duk suna buƙatar ganin likita, har da awon sukari da na hawan jini.

Gyaran ba horon yunwa ba ne. Yaro mai girma sau da yawa ba a neman ya rage kilo. A tsayar da nauyin, tsawo ya cim masa. A fara da abin sha, a mayar da shi ruwa. A zuba masa nasa kwano daban don a ga abin da yake ci: rabi ganye, zogale ko kabeji ko rama, ga su nan daga lambunan Jiratawa, rubu'i tuwo, rubu'i wake ko kifi ko ƙwai. Mangwaro da gwaiba da goruba su maye gurbin biskit. Gidan duka ya canza tare, don in aka hana shi lemu alhali yayyensa na sha a gabansa, sati ba zai zagayo ba sai ya koma. A daina yi masa laƙabi da jikinsa, wulaƙanci ci yake ƙarawa a ɓoye. Yana buƙatar awa ɗaya ta guje-guje kullum, abin da ya yi wuya ga yaron da kabu-kabu ke kai shi boko, ya wuce islamiyya, ya ƙare dare a kan waya. Bayan la'asar a bar su su yi ƙwallo da langa da tsallen igiya, har da ƴan mata, waɗanda aka fi tsarewa a gida.

Roƙonmu ga hukumar lafiya ta jiha: a riƙa karanta saman jadawalin katin awo kamar yadda ake karanta ƙasansa, a auna tsawo da nauyin ƴan firamare sau ɗaya a shekara, a kuma sa ido kan masu sayar da deksametazon ba da takardar likita ba. Shugabannin makarantu kuma su zauna da masu talla a bakin ƙofa, a ba dafaffen ƙwai da gyaɗa da ƴaƴan itace wuri, a kuma ajiye randar ruwan sha mai tsabta a kowane aji.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan kiwon lafiyar yara,
Maraɗi