Sanarwa kan tattara tarihin Jos

Assalamu alaikum ƴan uwa. Rahotannin Turawa kan haƙar kuza suna ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, gidan tarihin Jos ma tun 1952 yake. Amma muryar lebura mai ɗaukar kwano a ka ba ta cika fitowa a takarda ba, kuma dattawanmu sai raguwa suke.

Duk mai tsoho a Gangare ko Dilimi, don Allah ya nemi izininsa ya naɗi hirarsu a waya. Ku tambayi labarin ƙaramin jirgin ƙasan Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957. Banda katse su, ko sun yi nisa.

Tsofaffin wasiƙun ajami kuwa, hotonsu kawai muke so, ku turo nan.