Malami ɗaya ba zai iya da ajin da ya haɗa kowa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran yara a aji ɗaya, abin da ake ta yabawa a tarukan bita kamar an riga an gama aikin.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar waɗannan yara, ta kuma ce kowace makaranta ta samu aƙalla mutum ɗaya da aka horar don kula da karatunsu. Madalla. Amma ni da nake riƙe alli, abin da nake tambaya shi ne: a ina mutumin nan zai tsaya? Idan a ofis ne yana jiran a kawo masa ƙorafi, to yaron nan kurma benci kawai ya samu, bai samu karatu ba.

Duba yadda darasi yake tafiya. Malami ya juya yana rubutu a allo, bakinsa na ta bayani. Kurma da ke bin leɓɓansa ya rasa zaren. Ya nuna da sanda ya ce "ku dubi wannan," makauniya ba ta san wanne ba. Ba mugunta ba ce. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma duk wanda ya leƙa ajujuwanmu ya san mun wuce nan nesa.

Shi ya sa nake ganin a sa malamai biyu cikin ajin, malamin darasi da malamin ilimi na musamman. Ɗaya na gaban allo, ɗaya na zagayawa yana duba littattafai. Wani lokaci su raba yara gida biyu, can kuma su yi musaya. Mafi muhimmanci, su zauna tun kafin a kaɗa ƙararrawa su shirya darasin tare: me za a buga da rubutun makafi, wane lissafi za a yi da marafan kwalba don hannu ya taɓa, wace kalma ce sai an tanadi alamarta. Har yaron da ba shi da wata naƙasa amma ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, wannan malami na biyu ne zai gano shi.

Sai dai a kula. Da zarar yara sun fara kiran ɗaya "malamin kurame," ya tattara nasa yara uku a kusurwar baya, an sake gina makarantar wariyar da aka ce an rushe, a cikin aji kawai. Rajista ɗaya ce, yaran na su biyun ne. Haka kuma yaro kurma yakan zo daga gida da maganar hannu irin ta Hausawa, ya tarar makaranta na amfani da alamun da tushensu Amurka ne, don haka ana son malamin da ya san duka biyun.

Masu horon nan akwai su. Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo na horar da su tun ƙarshen shekarun 1970, ga Jami'ar Bayero da ta Jos, ga kuma gogaggun malamai a makarantun masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki da ke Kano. Roƙona ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, shi ne ta fara da makaranta ɗaya a kowace ƙaramar hukuma cikin 44 na Jihar Kano, ta tura su cikin aji, ta kuma ware musu lokacin shirya darasi a jadawalin mako, kada a bar shi ga lokacin tara.

Wassalam,
Wani malamin firamare, Kano