Kadan nan ba mutuwa ya yi ba, a daina jifansa

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini.

Lahadin da ta wuce na kai yarana gidan zoo cikin sanyin nan na hunturu, muka tarar wasu samari sun zagaye kada suna ta jifansa da ɓawon rake da ledar fiya wata wai sai ya motsa, ɗaya har yana cewa ai yunwa ce ta kashe shi aka bar gawa ana karɓar kuɗin mutane. Shi ko gogan naka ko ƙiftawa bai yi ba, ya miƙe abinsa inda rana ta fi bugawa.

Wallahi lafiyarsa lau. Kada da kunkuru da maciji jikinsu ba ya haɗa ɗumi da kansa irin namu, da rana suka dogara, to in sanyin Disamba da Janairu ya sauka komai nasu sai ya ja baya har narkar da abinci, shi ya sa ko nama ka jefa masa ba zai kula ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi ma damo ne, sarkin haƙuri. A daji in rani ya yi rami yake shigewa ya yi watanni ba ci, da kitsen da ya tara lokacin damina yake rayuwa, kusan dai yadda gaiwa ke yi cikin taɓo. Amma in aka kulle shi ana ɗura masa abinci shekara ta zagayo ba hutu, sai ƙiba ta yi masa yawa hanta ta lalace, mai kiwon kuma yana ganin gata ya yi masa. Haka kunkurun nan babba na sahel, da bazara rami mai zurfi yake haƙawa ya gudu daga zafin da ke kai digiri 40, to in an ajiye shi kan siminti da me zai haƙa?

Yawancin binciken da ake yi kan wannan kwanciya tasu a Turai da Amurka ne, su kuma sanyi ne damuwarsu, mu namu har da rani da fari. Ɗalibanmu na Jami'ar Bayero (BUK) masu karatun dabbobi ga aikin furojet a ƙofar gida, a auna zafin keji wata-wata, a rubuta yaushe dabba ta daina ci yaushe ta dawo. Kafin nan dai ko allo ne a kafa da Hausa a gaban kadan, a rubuta hutawa yake yi, banda jifa.

Naku mai karatu,
daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano