Wasiƙa daga Damagaram: ka riƙe kuɗinka, ka nemo ƙwallo

Damagaram, daren Alhamis

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya sanyin Faransa? Mu nan hunturu ya wuce, zafi ya fara leƙowa. Mutanen Birni suna gaishe ka, Hajiya kuwa ba ta fasa tambayar yaushe za ka zo ba.

Saƙonka ya iso, kuma ka yafe mini, na yi dariya har da hawaye da na karanta yadda maƙwabcinka na ƙasa yake bugo maka rufinsa da sanda duk lokacin da ka kunna kiɗa. Ka ce ka ga ƙafafun ƙarfe masu tsini da ake sa wa lasifika, kana shirin saye. Dakata tukuna, ka ji abin da ya same ni.

Bara na sayi tsofaffin lasifika biyu a hannun wani mai gyaran rediyo a Zango, na ɗora su a kan kabad ɗin da uwargida take jere. Ranar farko na sa kiɗan tambarin da na ɗauka da waya a ƙofar fada ranar hawan salla. Tambari na bugawa, kwanuka da tangaraye suka amsa gaba ɗaya. Ta leƙo ta ce ko lasifika su sauka ko ni in sauka da su. Ni kuwa har na fara zargin an sayar mini da ruɓaɓɓen kaya. Ashe lasifikan lafiyarsu ƙalau, kabad ɗin ne ya shiga kiɗan.

Ka tuna bindigar ƴan baka yadda take dukan kafaɗar mai harbi? Haka fatar lasifika take yi. Duk lokacin da ta tura iska gaba, akwatin yana shan naushi baya, kuma a sauti mai kauri irin na ganga wannan naushin yakan faru sau 40 zuwa 100 a daƙiƙa guda. Abin da akwatin yake zaune a kai shi ke karɓa. Mu nan daɓen siminti ne a kan ƙasa, ko a jikinsa. Kai kuwa katako ne a ƙarƙashinka, a ƙarƙashinsa kuma fili, wato ƙwarya ce aka kife, ka san kuma da ƙwarya mata ke kiɗa. Bawan Allahn nan a cikin ƙwaryar yake kwana.

Ƙafafun nan masu tsini an yi su ne don su huda darduma su dafe ƙasa mai tauri, akwati ya daina rawa. Ɗaure lasifika da ƙasa suke yi. A kan katako sai su miƙa masa girgizar kai tsaye, ka kashe kuɗi ka ƙara wa kanka bugun sanda.

Abin da kake nema abu ne mai laushi a ƙasa, da nauyi a sama. Sai dai laushin yana da ƙa'ida, nan na sha wuya. Dole nauyin ya danne abin ya lotsa, amma kada ya lanƙwame. Lissafin da muka yi a makarantar lise ne: idan abu ya lotsa milimita 1, rawar da yake yi da kansa in an taɓa shi tana wajen sau 16 a daƙiƙa, kuma ba ya fara tare girgiza sai wadda ta ninka wannan sau 1.4, wato daga 23 zuwa sama. Idan ya lotsa santimita 1, rawarsa ta sauko wajen 5, kusan duk abin da kunne ke ji an tare shi ke nan, tunda kunnen mutum daga wajen 20 yake farawa. Yawan lotsawa, yawan tarewa, muddin akwai sauran wurin motsi.

Na fara da soson tsohuwar katifa. Kwana biyu ya yi aiki, kafin mako ya zama kamar faifai, kwanuka suka koma waƙarsu. Na koma silifa, na yanka tafin gaba ɗaya na sa, babu canji, ko alamar lotsawa babu, don lasifikan ba su fi kilo 8 ba kowanne. Na ɗauka silifa ba ta da amfani, sai wani yaro mai faci a bakin kasuwar Dole ya ce, Malam, ai ka sa da yawa ne. Gaskiyarsa. Da na yanka ƙanana kamar ƙwandala, nauyin ya taru wuri kaɗan, suka lotsa, ƙarar ta ragu. Ni da na yi shekaru ina koyar da lissafi, yaron da bai gama firamare ba ya gyara mini.

Shi ne kuma ya ba ni shambur na ƙaramin keke, robar cikin taya, aka hura masa iska kaɗan, yadda in ka danna da yatsa zai shige. Na shimfiɗa shi a ƙasa, na ɗora falan siminti irin na daɓen tsakar gida, lasifika a kai. Wallahi duk cikin abin da na gwada babu kamarsa. Aibinsa biyu: iska tana sacewa sai ka riƙa ƙarawa, kuma zafinmu da ke haura digiri 40 a watan Afrilu yana busar da roba ta tsage. Duka kayan ban kashe jikka biyu ba.

Kai a can ga abin da ya fi maka sauƙi. Nemi tsofaffin ƙwallayen tanis, ka raba su biyu da wuƙa mai kaifi, ka kife su a ƙasa, ka ɗora falan dutse ko siminti wanda ya fi gindin lasifikar faɗi, sannan lasifikar. Fara da uku, kamar duwatsun murhu, don ƙafa uku ba ta gurgunta. In sun lanƙwame ka ƙara. Dutsen yana ƙara nauyin dannawa, yana kuma hana doguwar lasifika kifewa, ka kula da wannan tunda autanka ya fara rarrafe. In kuma kuɗin na ƙaiƙayin aljihunka, akwai wata roba da ake kira Sorbothane, ana sayar da ita gwargwadon nauyin da za ta ɗauka, sai ka auna lasifikar kafin ka saya.

Kada ka yarda da kunnenka kaɗai, mai son abu kunnensa na yi masa ƙarya. Cika kofin shayi da ruwa ka ajiye a ƙasa kusa da lasifikar, ka sa kiɗa ɗaya da ƙarfi ɗaya kafin gyara da bayan gyara, ka dubi fuskar ruwan. Ka kuma dafa katakon da tafin hannu.

Gaskiya ɗaya kuma: wannan duk maganin abin da ke bin katako ne. Wanda ke bin iska zai ratsa, ko ƙwallo ɗari ka sa. Janye lasifikan daga lungu da jikin bango kamar rabin mita, don lungu yana kumbura sauti mai kauri, ka kuma rage shi bayan isha. Zan ba mai zuwa wajenku kilishi ƙulli biyu, ɗaya naka, ɗaya ka sauka ka kai wa mai sandar, ka roƙe shi ya saurara daga ɗakinsa ranar da za ka gwada.

In ka sami ƙwallayen da yawa ka ajiye mini shida, nan sai an sha nema. Ka gaida maiɗakin naka da yara. Uwargida ta ce in gaya maka har yau ba ta yafe wa tambarin nan ba.

Naka amini,
daga Birni