Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Katsina

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Kokena a kan gwajin gishirin jini ne, wato sodiyam. Gwamnatinku ta yi alkawarin asibiti mai aiki a kowace mazaɓa cikin 361 na jihar nan. To, ina amfanin gini da fenti idan ba a iya auna jinin majinyaci cikin dare?

An kwantar da gwaggona a wani asibiti nan Katsina da amai da gudawa, ga ta tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Sodiyam ɗinta ya faɗi zuwa 112, alhali na mai lafiya yana tsakanin 135 da 145. Aka ɗaura mata ruwan gishiri, leda bayan leda. Da aka zo sake aunawa sai aka ce kayan gwaji sun ƙare, mu kai jinin cikin gari da safe. Ta farfaɗo, har ta sha kunu da hannunta, muka yi ta hamdala.

Bayan 'yan kwanaki sai harshe ya karye, ruwa yana sarƙe ta. Ta yi dariya, ta ɓarke da kuka babu dalili, sannan ta kafe ido ta ƙi magana. Dangi suka rabu biyu, masu cewa iska ce a yi ruƙiya, da masu cewa a kai ta asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Hoton MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, shi ne ya nuna ƙwaƙwalwar ce ta taɓu.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sani. Idan sodiyam ya daɗe a ƙasa, ƙwaƙwalwa takan saba da haka. Aka ɗaga shi da gaggawa, sai ruwa ya tsane daga ƙwayoyinta, rufin jijiyoyi ya saluɓe kamar wayar lantarki da aka fere. Likitoci sun san wannan cuta tun 1959. Ƙa'ida ita ce kada ƙarin ya wuce 8 zuwa 10 cikin awa 24, ana aunawa bayan kowace 'yan sa'o'i. Alamun kan fito ne bayan kwana 2 zuwa 6, wani lokaci an riga an sallami mutum, shi ya sa ake ɗora wa aljanu.

Ƙarancin ma'aikata da matsalar wuta, duk mun sani. Amma don Allah, ku sa kowane babban asibiti ya iya wannan gwajin dare da rana, a manna ƙa'idar a bangon ɗakin gaggawa, a kuma faɗa wa masu jinya alamun da in sun gani za su dawo da majinyaci asibiti nan take.

Wassalam.
Wani mai jinya, daga Katsina.