A auna tsayin yaro kafin a saya masa sandar golf

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin iyayen da suka fara kai 'ya'yansu filin golf, a Kano ne ko Kaduna, Rayfield ta Jos ko filin IBB na Abuja. Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare: uba ya ɗauko tsohuwar sandarsa, a sa zarto a datse ta, a miƙa wa yaro ɗan shekara shida. In an yi magana sai a ce ai shahararren ɗan wasan golf Tiger Woods ma da datsattsiyar sanda ya fara. Haka ne, amma a shekarun 1970 ke nan, lokacin da sandunan yara ba su wadata ba.

Zarto tsawo yake ragewa, ba ya rage nauyin kan sanda. Kan sandar ƙarfe mai lamba 7 ta manya (lamba ake ba sandunan ƙarfe gwargwadon nisan bugunsu) ya kai wajen giram 270, an ƙera shi ne don ƙota mai tsawon santimita 94 da damtsen baligi. Ita kuma ƙota, da zarar an gajarta ta sai ta sandare, ta daina lanƙwasar nan da ke taimaka wa ƙwallo tashi. Sai ka ga yaro yana ɗaga sanda da kafaɗa kamar mai faskare, jikinsa na rinjaya baya, ƙwallo na bin ƙasa. Robar riƙon ma ta yi wa tafinsa kauri, wuyan hannu ya kasa juyawa, ƙwallo ta yi ta karkata dama in mai wasa da dama ne. Abin da ya fi damunmu shi ne jiki yana haddace wannan karkatacciyar hanya, kuma warware ta ya fi koyar da sabon shiga wahala.

A bar tambayar shekaru, a nemo tef na tela. Yara biyu 'yan shekara bakwai na iya bambanta da kusan taƙi guda. A tsayar da yaro jikin bango da takalmin da zai yi wasa da shi, a auna daga ƙasa zuwa tsakar ka. Masu ƙera kayan yara irin su U.S. Kids Golf da tsayi suke rarraba sandunansu, tazarar inci uku uku, daga inci 39 har zuwa 63. Lissafi mai sauƙi: doguwar sandar bugun farko, wadda 'yan wasa ke kira direba, kada ta wuce kashi biyu cikin uku na tsayin yaro. Mai santimita 120, sandarsa wajen santimita 80. In aka tsayar da ita a gabansa ta wuce ƙirji tana neman haɓa, ta yi masa yawa.

Mun san al'adarmu ta ɗinka wa yaro rigar salla da ɗan girma don ta kai baɗi. Sanda ba ta karɓar wannan dabara sai kaɗan. In yaro zai sauko da hannunsa santimita uku ko huɗu daga ƙarshen mariƙi, babu laifi. Fiye da haka, gindin sandar zai riƙa tokarin cikinsa. Yaro a waɗannan shekarun yana ƙara wajen santimita biyar zuwa shida a shekara, don haka a sake awo kowace shekara, a sa rai da canji bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu.

Dokar wasa ta yarda da sanduna 14 a jaka, amma wannan iyaka ce, ba wajibi ba. Ɗan shekara huɗu zuwa shida uku sun ishe shi: fota ta gangara ƙwallo cikin rami, ƙarfe mai lamba 7, da weji mai kwantacciyar fuska don gajeren bugu. Ƙarfin yaro bai kai ya bambanta lamba 6 da 7 da 8 ba, duk kusan wuri ɗaya za su sauke ƙwallo, sayen su asarar kuɗi ne da ƙarin kaya a kafaɗa. Direba ta jira tukuna. In yaro ya nace, kuma zai nace, a nemi mai kwanciyar fuska digiri 15 ko fiye, domin ta manya mai digiri 9 ko 10 sai da saurin bugu take tayar da ƙwallo. Ƙota kuwa ta girafait, wani sinadari mara nauyi, za a nema, ta fi ta ƙarfe sauƙi da laushi.

Wejin na buƙatar lura a filayenmu na Arewa. Da rani ƙasa takan bushe ta yi tauri kamar daɓe, kuma wejin yashi, wato na fitar da ƙwallo daga ramin yashi, mai faɗin gindi sai ya dunguri ƙasa ya yi tsalle, bakinsa ya sari ƙwallo a ciki, ta fita a guje. Mai digiri 45 zuwa 50 da siririn gindi ya fi dacewa da farko.

Kafin a biya kuɗi a yi gwaji biyu. Yaro ya riƙe sanda da hannun da ke sama: yatsan tsakiya da na kusa da shi su ɗan taɓa tudun babban yatsa. In akwai rata, mariƙin ya yi kauri. Sannan a manna tef na takarda a gindin kan sandar, yaro ya buga sau biyar a kan katako. Gogewa a tsakiya, daidai ke nan. In ta fito ta wajen dunduniya, wato ɓangaren da ke kusa da ƙota, hancin sandar yana ɗage sama, ƙwallo za ta riƙa tafiya hagu in mai wasa da dama ne. Kuma kada a ɗauka hannun rubutu shi ne hannun wasa. A ba shi tsintsiya ko kara ya kaɗa ta kowane ɓangare, a ga inda jikinsa ya fi sakewa. Sandar bahago tana da wuyar samu a nan, amma wannan ba hujjar tilasta masa dama ba ce.

Gwanjo ba abin kunya ba ne a kayan da za a bari bayan shekara biyu. A dai girgiza sandar a saurara ko wani abu na kacau-kacau a ciki. A riƙe kai a murɗa mariƙi, in ya motsa gam ya saki, kuma kan na iya fita ya jikkata wani. A shafa girafait da yatsa kusa da wuya, in akwai tsaga ko zare-zare a bar ta. Robar da ta yi sulɓi a wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi, in ba ta dawo ba a sauya. Sannan kada jaka ta wuni a but ɗin mota cikin zafin watan Afrilu, domin zafi yana kashe gam ya busar da roba.

Wassalam.

Daga wasu masu koyar da yara wasan golf,
Kaduna.