Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiyarmu ta nazarin addini da zamantakewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da muka gudanar bana.

Zaman karatunmu na wata-wata bai tsaya ba sai a azumi. Fiye da rabin shekara muna kan littafin Emile Durkheim, masanin zamantakewa ɗan Faransa, na 1912, inda yake cewa kowane addini yana raba duniya gida biyu: abin da aka keɓe aka kewaye shi da hani, da abin yau da kullum. Daga ƙabilun asalin Ostareliya ya ɗauko hujjarsa, alhali bai taɓa taka ƙasar ba, rubuce-rubucen Spencer da Gillen, masu binciken da suka je wurin ƙabilun, ya dogara da su. Inda aka fi tayar da jijiyar wuya shi ne da'awarsa cewa jama'a ba kowa take girmamawa ba sai kanta idan tana ibada. Akasarinmu ba mu yarda ba, muka ɗauki abin da ya lura da shi na halayyar mutane, muka bar masa sauran.

Abin da ya fi cin lokacinmu kuwa kalma ce. Me za mu kira wannan keɓaɓɓen abu da Hausa? Idan ka ce tsarki, hankali ya tafi ga alwala da najasa. Alfarma ta fi dacewa da watannin nan huɗu, Zulƙida, Zulhajji, Muharram da Rajab. Hurumi na fili ne, kamar maƙabarta ko filin idi, da ba mai noma shi. Wani dattijonmu ya tuno mana da kan gida na Maguzawa, dabbar da zuriya ba ta kashewa ba ta ci. Har yau ba mu tsayar da guda ba, ni dai a ganina ba dole ba ne.

Mun yi tafiya uku. A Hubbaren Shehu da ke Sakkwato ba wanda ya ce mu rage murya, da muka cire takalma kowa ya yi tsit da kansa. A Kusugu ta Daura hira ake yi a bakin rijiya, ana jan guga ana sha, wasu na cika gora su kai gida. Dala ce ta ba mu mamaki. Tarihin Kano ya ce babu mai shiga wurin Tsumburbura, abin bautar mutanen Dala na da, sai shugabansu Barbushe. Mu kuwa yara muka tarar suna tsere a kan dutsen, matasa na ɗaukar hoto da waya.

Tafiyar Kufena ta Zariya an ɗage ta, domin gyaran motar da ta mutu mana a hanyar Daura ya cinye abin da ke asusu. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin zama na gaba.

Baɗi in Allah ya kai mu za mu fara da Muƙaddimar Ibn Khaldun, babin asabiyya (wato haɗin kan dangi ko jama'a) da addini. Wanda ke da bugun Larabci ya zo da shi, namu kwafin ya yage.

Sakataren ƙungiya